Sulallan Malam Ɗalha

"To in ba su ba, mi zan sayar? Gonar?" Atiku ya tambaya. Yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin mahaifinsu, ya cire hula yana murɗa ta a hannu. "Gaya min, Mubaraka. Ke ce mai karatu a gidan ga."

"Ni ban ce ka sayar da gona ba, Yaya."

"Ba ki ce ba. Ba ki ce komai ba ma. Kwana huɗu ina tambayarki, sai ki duƙar da kai. Ki bari sai an kai ki ɗaki kafin ki fara kunyar amarci."

Ya so ya ba ta dariya ne, dariyar kuwa ta ƙi zuwa. Mubaraka tana zaune a kan buzun da mahaifinsu yake salla a kai, ɗan akwatin ƙarfe a cinyarta, ta ɗora tafukanta biyu a kan murfin kamar mai gudun kada abin da ke ciki ya ji zancen da ake yi.

Saura sati biyar a ɗaura aurenta da Ubaidullahi, malamin sakandare a Kalgo, mutumin da ta zaɓa da kanta, wanda ko sunansa aka ambata a nesa sai ta ji ƙirjinta ya amsa. Lefe ya iso, mata sun gani sun yaba. Abin da ya rage na gidansu ne: kayan ɗaki. Gado da kujeru da kwaba da labule da kwanuka, duk abin da dangin amarya ke jerawa kafin dangin ango su shigo su ƙare wa ɗaki kallo daga rufi har daɓe. Mahaifinsu, Malam Ɗalha, ya rasu bara. Nauyin ya koma kan Atiku, shi kuwa duk dogaronsa yana kan albasar da ya ɓoye a rumbu yana jiran ta yi tsada. Damina ta yi ƙarfi bana, danshi ya shiga, ranar da aka buɗe rumbun sai da maƙwabta suka toshe hanci. Da shebur aka kwashe ta.

"Alhaji Haliru ya ga hotunan sulallan Baba a waya," Atiku ya ci gaba, muryarsa ta sauko. "Wanga mai sayen tsofaffin kaya na Kalgo. Abin da ya ce zai bayar ya isa gado da kujeru da kwaba, har da ɗan firji. Na yafe rabona, Inna ta yafe tumuninta. Naki ne duka yanzu. In kin ce a'a, a'a ce. Amma ranar Asabar yake son ganinsu."

Ya mayar da hularsa ya fita. Tana jin sautin takalminsa har zaure.

Ta buɗe akwatin. Ƙamshin nan ya taso, na tsohuwar takarda da ƙarfe da ɗan turaren da mahaifinta ke shafawa ranar Juma'a, sai idanunta suka cika.

Malam Ɗalha tela ne a kasuwar Gwandu, bai taɓa tara abin duniya ba. Abin da ya tara tsofaffin sulalla ne, kuɗin da aka daina ciniki da su tun da daɗewa. Asalinsu guda bakwai ne da kakansa ya zo da su daga aikin hajjin da ya yi a ƙafa, shekara takwas tafiya da dawowa. Daga nan abin ya shiga ransa. Shekara arba'in yana bin su: a wajen tsofaffin Fulani masu kwance su daga kitso in yunwa ta matsa, a wajen maƙera kafin su jefa su wuta su yi zobe, a wajen manoman da garma ta tono musu tukunya. Akwai anini mai huji, akwai kwabo da taro da sule na zamanin Turawa, akwai manyan liyari na azurfa masu kan mace, akwai wasu ƙanana sirara kamar ganye masu rubutun Larabci da ya kusa shafewa. Abokansa na kasuwa suna tsokanarsa, wai ga mai sayen kuɗin da ba sa sayen ko ƙuli-ƙuli. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da taka kekensa.

Kowane ɗaya ya naɗe shi a 'yar takarda, ya rubuta da ajami a wajen wa ya same shi, da abin da ya sa mai shi ya rabu da shi. Bayan an sauko daga masallacin Juma'a yakan kwance uku ko huɗu, ba ya wuce haka. Atiku yakan sulale ya tafi ƙwallo. Mubaraka ce ke zama, ya ɗora mata a tafin hannu ya ce, "Ji nauyinsa tukuna, sannan ki karanta." A waɗannan takardun ta koyi ajami kafin ta san baƙaƙen boko.

Washegari bayan la'asar Ubaidullahi ya zo zance. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Kallo ɗaya ya yi mata ya ajiye ledar yalon da ya kawo.

"Wa ya taɓa min amarya? A faɗa min sunansa in je in ba shi haƙuri, don ni ban iya faɗa ba."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba, sannan ta gaya masa komai, tun daga albasa har Alhaji Haliru. Ya saurara bai katse ta ba. Wannan halin nasa ne ya fara sace mata zuciya, yadda yake sauraro kamar babu wani abu a duniya sai maganar da ake yi masa.

"Mubaraka, ni ko da tabarma da buta kinka zo, wallahi sun ishe ni."

"Kai ne za ka zo ganin ɗaki, Yallaɓai?"

Ya sosa gemu. "A'a. Gwaggo Ladi ce da rundunarta."

"To faɗa min gaskiya."

"Gaskiya ba ta da daɗi." Ya dubi ƙofar cikin gida, ya rage murya. "Lokacin da anka kawo matar ɗan baffana, Gwaggo ta danna katifa da ɗan yatsa, ta buɗe kwaba ta leƙa. Kujeru uku ta tarar maimakon cikakken saiti. Yau shekara tara ke nan, 'ya'yanta huɗu, amma in ana zancenta a gidanmu ba a cewa Fatima. Mai Kujera Uku ake cewa. Har yara."

Mubaraka ta sunkuyar da kai.

"Bari in sayar da babur ɗina," ya ce da sauri. "In sa a yi gado da kujeru a ɓoye, a kawo nan, a ce daga gidanku ne."

"A Kalgo? Wane kafinta ne a garin nan da ɗansa ba ɗalibinka ba ne? Kafin fenti ya bushe Gwaggo ta ji. Kuma Yaya... in ya san miji ne ya yi wa ƙanwarsa kayan ɗaki, ba zai ƙara ɗaga ido ya dube ka ba har abada."

Bai musa ba. Ya ɗauki yalo ɗaya yana juya shi a hannu. "Duk abin da kinka zaɓa ina tare da ke," ya ce. Ta yarda da shi har cikin ranta. Amma ta ga abin da ke bayan maganar, shi ma tsoro yake ji, kuma da safe makaranta zai tafi ya bar ta a cikin gida da su.

Da ya tafi ta sami Atiku yana wanke ƙafa a gindin randa. "Yaya, Asabar ɗin mu je." Bai ɗago ba, ya dai daɗe yana zuba ruwa a ƙafar da ta riga ta fita. Inna tana bakin murhu, ta ji.

Ranar Juma'a Mubaraka ta dawo daga firamaren da take koyarwa wajen sha biyu. Tun daga zaure ta ga wani haske yana rawa a bangon tsakar gida. Da ta shigo sai ta tsaya cak.

Faifai uku ne a shimfiɗe a rana, cike da sulalla, suna walƙiya har ido ba ya iya tsayawa a kansu. Azurfa ta yi fari tas, tagulla ta yi ja kamar sabuwar tasa. Inna tana zaune a kujerar tsuguno, ga robar ruwan tsamiya a gabanta, ga toka a kasko, ga soson buhu a hannunta, tana dirje na ƙarshe.

"Kin dawo? Zo ki gani," Inna ta ce, fuskarta a sake. "Dubi yadda sunka fito. Tun da kinka fita nike kansu. Wasu sai da na sa yashi."

"Inna..." Jakar Mubaraka ta zame daga kafaɗarta. "Inna, me kika yi?"

"Mi na yi kuwa? Wanki na yi. Haka za a ɗauki kaya baƙi ƙirin da dauɗa a kai wa baƙo? A ce gidan Malam ƙazamai ne? Ko tasa za ki ba maƙwabciya aro ai kya goge ta."

"Takardun fa? Ina takardun?"

"Suna nan, ba abin da ya same su." Inna ta nuna ɗakin da haɓa. "Na warware su ɗaya bayan ɗaya, na miƙe su, na ɗaure a ƙyalle na soke a azara. Rubutun Malam ne, ni ban iya karatu ba, wa ya sani ko da sunan Allah a ciki? Yayanki ya ce mutumen ga Turawa yake sayar ma wa. In bari hannun da ba ya alwala ya taɓa su?"

Mubaraka ta ruga ɗaki, ta taka akwati ta ciro ƙullin. Ga su nan fiye da ɗari, a jere a kan juna, lafiya lau, ba wadda ta yage. Kuma babu wadda ta san sulenta. Ta fito da su a ƙirji, kukan da take riƙewa tun ranar da aka buɗe rumbu ya ƙwace mata.

"Kin raba su, Inna! Kowace takarda da nata ne! Shekara arba'in yana haɗa su, kin raba su a safiya ɗaya!"

Ba ta taɓa ɗaga wa mahaifiyarta murya ba. Ita kanta sai da sautin ya firgita ta. Inna ta saki soson a hankali. A lokacin ne Mubaraka ta ga hannuwanta: toka ta cinye fatar yatsun, sun yi fari sun tattare, babban yatsa ya tsage yana fitar da ɗan jini.

"Shekara talatin da biyu ina son in wanke su," Inna ta ce, ba ta dube ta ba. "Malam bai taɓa bari ba. Ko akwatin zan matsar in yi shara sai ya taso. Na ce tun da gobe za su bar gidan ga, bari in yi musu ko sau ɗaya, su fita da mutunci."

Mubaraka ta durƙusa a gabanta ta kama hannuwan. Ta so ta ce a yafe mata, ta so kuma ta ci gaba da ihu. Haka suka zauna har aka kira salla, sulallan suna ta sheƙi a gefensu.

Da safe Mubaraka ta zuba su a akwatin, yanzu tsirara, suna ƙara in an motsa. Ta ɗauki ƙullin takardun ta sa a jaka, don ba za ta iya barin waɗannan su yi tafiya ba tare da waɗancan ba. Inna ta gani. "Kina da alwala?" kawai ta tambaya. Ta ce tana da ita.

Ita da Atiku suka bi ta Birnin Kebbi suka sauka Kalgo da hantsi. Shagon Alhaji Haliru yana bayan kasuwa, ɗan ƙuntatacce, cike da tsofaffin takubba da akusa da tasoshin tagulla. Dattijo ne mai farin gemu da yawan fara'a. Ya sa aka kawo musu ruwa, ya tambayi mutanen Gwandu, ya yi wa Mubaraka fatan alheri, sannan ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tebur ya ce bismilla.

Atiku ya juye akwatin. Fara'ar dattijon ta ɗauke kamar an hure fitila.

"Innalillahi. Wa ya yi wanga aiki?"

Ya yamutsa su da ɗan yatsa.

"Waɗanda na gani a hoto baƙaƙe ne. Malam Atiku, baƙaƙe ka turo min." Ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya ɗaga ɗaya daga cikin siraran nan ya duba ta gaba da baya, ya girgiza kai. "Wagga ta haura shekara ɗari biyar. A hoto ina iya karanta rabin rubutunta. Yanzu dubi, kamar bayan cokali. Toka ce ko yashi?"

"Duka biyu," Mubaraka ta ce a hankali.

"Ai baƙin nan shi ake saye, ɗiyata. Shi ne shaidar tsufa. Masu sayen abin ga in sunka ga ƙyalli da zanen soso, ko kyauta ba su so." Ya ajiye gilashin. "Ba zan cuce ku ba. Azurfar zan auna in biya da nauyi, farashin maƙera, don can za ta ƙare. Tagullar kuwa ku koma da ita yara su yi wasa."

Ya faɗi abin da zai bayar. Gado kaɗai zai saya, shi ma ba mai kyau ba. Mubaraka ta saci kallon yayanta, ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, ya kafe ido a kan wani tsohon takobi kamar shi ya zo saye.

"Ni kam na ga kamar a naɗe suke a cikin wasu takardu," Alhaji Haliru ya ce. "An zubar?"

Ta fito da ƙullin. Ya zare ɗaya ya karanta, leɓunansa suna motsi. Ya zare ta biyu. Ya gyara zama.

"Allah ya jiƙan Malam Ɗalha. Ashe nan dukiyar take." Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ina da wani mai saye da ya fi son labari a kan ƙarfe. Sule da tarihinsa da rubutun hannun mai shi, ko an wanke zai karɓa. In kowane ya koma cikin takardarsa, zan ba ku kusa da abin da na faɗa da farko. Amma wa zai iya haɗa su?"

"Ita," Atiku ya ce. Karo na farko ke nan da ya buɗe baki.

Aka matso mata da kujera. Ta ɗauki takarda ta farko, rubutun mahaifinta ya dube ta, mai ɗan karkata hagu, da ɗigon da yake dannawa har alƙalami ya kusa huda takarda. Ta karanta a fili, don haka ta saba.

"Wannan kakana ya zo da shi daga Umdurman, a hanyar hajji. Canjin gurasa ne, ya ƙi kashe shi don ya nuna wa mutanen gida cewa ya je."

Hannunta ya tafi da kansa ya ɗauko wani mai kauri da gefensa ya lotsa. Ta naɗe ta ajiye.

"Wannan anini daga Jibrin mai gyaran keke. A bakin rijiyar gidansu ya tsince shi ranar da aka yi yasa. Bai karɓi komai ba sai ɗinkin aljihu."

Ta naɗe. Ta ɗauki wata, ta kuma ɗauki wata. Dattijon ya daina duba wayarsa. Atiku, wanda bai taɓa zama ya ji ko ɗaya ba, ya jawo benci ya zauna a gefenta, gwiwar hannu a cinya. Sau ɗaya ya yi 'yar dariya ya ce, "Ashe Baba haka yake da surutu a takarda." Ita kuwa kowane naɗi ji take kamar tana sallamar wani ɗan gidansu a tasha, ta gyara masa riga ta ce ya sauka lafiya. Har azahar ta gota tana yi.

Sannan ta zo kan manyan liyarin, sai hannunta ya tsaya.

Goma sha ɗaya ne, kuma duk kamarsu ɗaya: kan macen nan, shekara ɗaya a rubuce, nauyi ɗaya. Da can ta san su kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Akwai mai koren tabo a kunne, akwai wanda gefensa ya yi baƙi kamar an ƙona, akwai mai maiƙon man shanu da bai taɓa barinsa ba saboda daɗewa a gashin mace. Toka ta tafi da duk wannan. Ta juya su, ta shinshina, ba abin da ta ji sai tsamiya.

Ta ɗauki takarda. "Wannan daga kitson Hafsat ta Diggi. Ta kwance shi shekarar da shanunsu suka mutu. Tana ba ni tana kuka, na rasa ko in karɓa ko in bari." Ta dubi goma sha ɗayan. Ta ajiye takardar a gefe.

Ta ɗauki wata. Wannan ba ta taɓa ganinta ba. Ta fara karantawa a fili, a tsakiya muryarta ta karye.

"Wannan na karɓo a maƙerar Hassan, ya riga ya hura wuta. Ina can ina roƙonsa aka yi ta nemana a kasuwa, ashe an sauka a gida, mace. Sai la'asar na ji. Uwarta ta yi kwana uku ba ta yi min magana ba. Na kai mata shi na ce ga abin da ya tsare ni, ta jefe ni da shi. Na sa wa yarinyar Mubaraka. Nata ne."

Hawaye ya ɗiga a kan baƙin ƙyallen, ta yi sauri ta janye takardar kada ya taɓa tawadar.

"Ni ban san da wagga ba," Atiku ya ce, da ƙyar ake jinsa.

"Wanne ne?" ta tambaya, ba ta san wa take tambaya ba. "Yaya, wanne ne a ciki?"

Alhaji Haliru ya yi gyaran murya. Ba mugun mutum ba ne, ya dai ga irin wannan sau da yawa. "Ɗiyata, kada ki wahalar da kanki. Duk uwa ɗaya ta haife su. Naɗe kowane a kowace takarda, wa zai sani? Mai sayen yana can ƙetare. Wagga ta haihuwarki ki riƙe ta, ki zaɓi ɗaya ki haɗa, na bar miki. Ki ba ni goman."

"In na zaɓi na Hafsat fa? Nawa ya tafi ƙetare a cikin kukan wata?"

"Ai azurfa ba ta san mai ita ba."

"To bari in riƙe liyarin duka, ka ɗauki sauran."

Ya girgiza kai. "Su ne cinikin. In babu su, sauran ba su kai a yi musu waya ba. Kuma mai kai masa kayan jibi zai tashi. In yau ta wuce, sai dai mu koma zancen awo."

Ta dubi takardu goma sha ɗaya a hagunta, liyari goma sha ɗaya a damanta. Minti biyar ya isa. Ba wanda zai kama ta. Za a yi mata jere na gani na faɗa, Atiku ya shiga cikin maza da kansa a sama, ita kuma ta zauna a gidan mijinta da sunan da ubanta ya raɗa mata. Abin da ake nema kawai ta ɗauki rubutun mutumin da bai taɓa rubuta abin da bai faru ba, ta naɗe ƙarya a ciki sau goma, da hannun da ya koya wa karatu. Sai kuma wani tunani ya faɗo mata: mace ɗaya ce a duniya, Inna, ta taɓa riƙe liyarin haihuwarta cikin fushi, kuma jiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsunta. Ƙila ta gane shi. Ƙila kuma ba ta gane ba.

Atiku ya sunkuyo kusa da kunnenta. Idanunsa sun yi ja. "Mubaraka, ki yi tunani da kyau. Ni namiji ne, in anka yi da ni kwana biyu ya wuce. Ke za ki zauna a cikinsu, safe da yamma. Abin da hannuna zai iya kafin ranar nan bai wuce gado da 'yan kwanuka ba. Wallahi bai wuce ba."

"Na sani, Yaya."

"Kin sani?"

Ta gyaɗa kai. Tsoron bai ragu ba ko kaɗan. Ta share fuska da bakin mayafi, ta tattara takardun goma sha ɗaya ta ɗaure su a ƙyallen Inna, ta miƙe tsaye. Muryarta ta fito sarai, har mai shagon da ke maƙwabtaka ya leƙo.

"Alhaji, ka gafarce mu, mun cinye maka wuni. Yaya, buɗe akwatin mu mayar da su. Ba zan sayar ba, ko ɗaya. Abin da hannunka ya iya shi za a jera min, su kira ni duk sunan da suka ga dama. Gida za mu koma da su."